Sama Ba Ta da Zaure

Shekara arba'in ina cuɗa ƙasa da ramno.
Daga Gwammaja har Ƙofar Mazugal
babu lungun da bai san tubalina ba.
In mai gida ya ce, "Ɗanlami, ƙara tsawo,"
sai in ƙara kamu biyu,
don ido ya tsaya a waje,
ƙafa ta biyo ta zaure,
baki ya yi sallama.

Ban taɓa kafa wa sama ƙyaure ba.
Wa ya san za a buƙata?

Ran Laraba, la'asar sakaliya,
muka ji kuka kamar rina dubu a tulu guda.
Tattabaruna suka watse.
Ga shi bisa tsakar gida, ya tsaya cak,
farfela huɗu, ido ɗaya,
idon kuma ba ya ƙiftawa.
Barira na tsifa a bakin rijiya,
ta rarumi faifai ta rufe furfurarta.

Ya ɗaga, ya karkata,
ya sarƙe da wayar lantarki, ya rikito.
Goshin jikata Sa'ima ya tare shi.
Ɗinki uku.

Na juya shi ciki da bai.
A daidaita sahu na da lamba gaba da baya,
rago a kara na da fenti a gadon baya,
buhun gero a Dawanau na ɗauke da sunan mai shi,
ko langar da ake kai wa maƙwabta tuwo
akwai alama a gindinta.
Wannan kuwa sumul, kamar ƙwai.
Na kife shi da kwando
yadda ake yi wa baƙuwar kaza,
na ɗora dutse.

Kwana biyu, sai ga sallama.
Nazifi sunansa, daga Kabuga,
gashin baki bai gama tsirowa ba.
"Baba, sha'awa ce kawai. Iska ce ta ƙwace min."
Na ce, "Iskar ce za ta biya ɗinkin?"

Ya miƙo waya, hannu na rawa.
Na ga Kano yadda shirwa ke ganinta:
Dala kamar curin fura,
kwano da soro kafaɗa da kafaɗa,
kududdufai na ƙyalli,
ga zankon masallacin da na ɗora da hannuna
shekarar da aka haifi babana ƙarami.
Ba zan ɓoye ba, ƙirjina ya cika.

Sai hoton ya yi ƙasa.
Ga rijiyata. Ga shanya.
Ga kan Barira a buɗe.

Na ce ya goge, ya goge a gabana.
To sauran fa, wa ke tsaye a kansu?

A gaban mai unguwa na faɗi tawa:
ban ce a karya fiffiken kowa ba,
na sha hawa tsani, na san daɗin sama.
Amma a rubuta masa lamba a ciki
wadda mai raunin ido ma zai karanta,
sunan mai shi ya shiga littafin hukuma.
A nuna wa yaro fili, a ce nan ne iyakarka,
ban da kan gidajen mutane,
ban da hanyar manyan jirage.
In ya faɗo a kan ɗan wani,
a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Nazifi ya biya kuɗin ɗinki,
ya kawo wa Sa'ima alawa.
Da ragowar fentin ƙofata
ya rubuta sunansa a cikin abin, har da lambar waya.
Na ɗaga kwando.

Jiya da almuru wani ya wuce,
baƙi, cikinsa wayam.
Barira ta ja mayafi, ba ta ko ɗaga kai ba.
Na dubi katangata, kamu goma sha biyu,
na ga ba ta kai gwiwata ba.